Gwajin Magani A Kan Mutum Ɗaya

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, akwai wata magana wadda kusan kowa ya taɓa ji, ko ma ya taɓa faɗi da bakinsa, ita ce, "Ai maganin nan yana da kyau, ni na sha na ji sauƙi." Ana faɗinta a tasha, ana faɗinta a gidan suna, ana faɗinta a cikin motar haya sa'ad da mai tallan magani ya miƙe da jakarsa. Da wannan magana mutane da yawa suke zuba kuɗinsu wajen sayen magani, da ita kuma waɗansu suke watsar da wanda likita ya rubuta musu. Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne wata dabara da likitoci da masu bincike suka fito da ita domin su gane ko wannan magana gaskiya ce game da mutum guda. Ana kiranta gwaji a kan mutum ɗaya. Ni ɗan aji huɗu ne, na fara cin karo da labarinta a laburaren makarantarmu, malaminmu na kimiyya kuma ya ƙara mini haske, na ga ya kamata in kawo ta nan domin mu ƙaru baki ɗaya.

Da farko sai mu tambayi kanmu, me ya sa maganar wanda ya sha ya ji sauƙi ba ta isa hujja ba, alhali kuwa shi ke da jikinsa? Dalili shi ne akwai abubuwa uku da ke iya ruɗin mutum ko da shi mai gaskiya ne. Na ɗaya, cututtuka da yawa suna tafiya da kansu. Mura takan sake mutum cikin mako guda ko kwana goma, ko ya sha wani abu ko bai sha ba. Waɗansu kuma, kamar ciwon gaɓɓai da asma da ciwon kai na ɓari ɗaya, zuwa suke yi su koma. Mutum kuwa bai cika neman magani ba sai ranar da ciwo ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sai gangara. Duk abin da ya sha a wannan rana, shi zai kwashe yabo, watau faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na biyu, sa rai. In mutum ya sakankance cewa abin da ya haɗiya zai taimake shi, sau da yawa yakan ji zafin ya ragu, ko da ƙwayar ba kome a cikinta sai gari. Haka nan in ya tsorata da magani, yakan ji ciwon da ya ji ana faɗi. Na uku, waɗansu abubuwa sukan canja a daidai lokacin da aka fara shan maganin. Mu da muke makarantar kwana mun sani, da hunturu ya kama sai ka ji tari ko'ina a ɗakunan kwana, da ƙura ta kwanta kuma sai tari ya yi sauƙi. Wanda yake shan zuma a makon zai ce zuma ce, wanda yake shan citta zai ce citta ce, alhali kuwa iska ce ta juya.

Saboda waɗannan abubuwa ne likitoci suka koma ga abin da suke kira aikin likita bisa hujja, watau kada a ba marar lafiya magani domin an saba ba da shi kawai, ko domin wani babba ya ce yana da kyau, sai an duba abin da gwaji ya nuna, an haɗa da gwanintar likita da kuma abin da shi marar lafiyan yake so. Babbar hanyar samun wannan hujja ita ce a tara marasa lafiya da yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya maganin, a hana ɗayan, sa'an nan a kwatanta. Shahararren misali shi ne wanda aka buga a Ingila a 1948, a kan maganin tarin fuka mai suna sitireftomaisin. Marasa lafiya 107 aka sa a ciki. Cikin 55 da aka yi wa allurar, 4 suka rasu a cikin wata shida, cikin 52 da aka bari da hutun gado kaɗai kuwa, 14 suka rasu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, har yau kuma irin wannan gwaji shi ne ginshiƙin ilimin magunguna.

To, amma yana da iyaka. Abin da yake faɗa mana shi ne matsakaicin amfanin da taron mutane suka samu. Kamar a ce ajinmu ya ci matsakaicin maki 60 a jarrabawar lissafi, wannan bai nuna cewa kowa ya ci 60 ba, akwai mai 90, akwai mai 25. Haka magani yake. A cikin waɗanda aka ba shi, wani ya amfana ƙwarai, wani bai ji kome ba, wani ma cutar da shi ya yi. Abincin wani gubar wani. Likitan da ke zaune da tsohuwa guda a gabansa kuwa, tambayar da ke damunsa ita ce, ita wannan baiwar Allah a cikin wane kashi take? Bugu da ƙari, akwai cututtukan da ba a cika samunsu ba, har ba yadda za a yi a tara mutum ɗari masu su. A nan ne gwaji a kan mutum ɗaya ya sami wurin zama.

Tushen tunanin ya daɗe. Ibn Sina, babban likitan nan da aka haifa kusa da Bukhara, ya kammala littafinsa Alƙanun a 1025, a ciki kuwa ya kafa sharuɗɗan gwada magani. Daga cikinsu akwai cewa a gwada shi a jikin ɗan Adam, a kan cuta guda wadda ba ta cuɗanya da wata ba, kuma lalle a ga amfaninsa yana maimaituwa, in ba haka ba to dace aka yi. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga binciken da ya yi a kan mantuwa, mutumin da ya yi gwajin a kansa kuwa shi ne shi kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna yadda suke zubewa daga kansa, ya tarar cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, daga baya ta riƙa rage gudu. Duk ɗalibin da ya taɓa barin bitar darasi har daren jarrabawa ya san gaskiyar wannan. Daga baya wani Ba'amurke masanin halayya, B. F. Skinner, da almajiransa suka kyautata dabarar. Su a ganinsu gara a daɗe ana auna dabba ɗaya sau da yawa, da a auna dabbobi da yawa sau ɗai-ɗai.

Yaya ake yin gwajin? Asirinsa shi ne mutumin da kansa shi ne abin kwatanta kansa. Ana kwatanta shi a lokacin da yake samun magani da shi ɗin dai a lokacin da ba ya samu. Mataki na farko, wanda masu bincike ke yi wa laƙabi da harafin A, shi ne awon farko. Kafin a ba da kome, sai a zaɓi abu guda da za a iya ƙirgawa, kamar sau nawa tari ya ta da mutum cikin dare, ko taku nawa yake iya yi kafin ya tsaya, a riƙa rubutawa kullum har sai an ga yadda abin ya saba tafiya. Mataki na biyu, watau B, shi ne a fara maganin, a ci gaba da awo iri ɗaya, a lokaci ɗaya, ba tare da an canja wani abu dabam ba. Ana ɗora sakamakon a kan zane irin wanda muke yi a darasin lissafi, kwanaki a layin kwance, ƙidaya a layin tsaye, domin ido ya ga ko layin ya tashi ko ya sauka, da kuma ko canjin ya zo nan da nan ko sai da aka jima.

In an tsaya a A da B kaɗai, abubuwa ukun nan da na ambata suna nan suna jira, domin wa ya sani ko hunturu ne ya wuce? Don haka sai a ƙara mataki na uku, a janye maganin, a koma A. In ciwon ya dawo yadda yake da, an fara samun dalili. Sa'an nan a sake mayar da maganin, watau B na biyu. In sauƙi ya sake zuwa, to da wuya a ce dace ne. Kamar mutum ne ya shiga ɗakin da bai sani ba, ya danna wani makunni a bango sai fitila ta kama. Mai yiwuwa ne daidai lokacin aka kawo wuta. Amma in ya kashe ta mutu, ya kunna ta kama, ya san wannan makunni shi ke riƙe da fitilar. Wannan tsari shi ake kira ABAB. Wata hukumar binciken ilimi ta gwamnatin Amurka ta kafa ƙa'ida a 2010 cewa kafin a karɓi irin wannan bincike sai an ga canjin aƙalla sau uku a lokatai dabam-dabam, kuma an fi so a yi awo aƙalla sau biyar a kowane mataki.

Ga misali na gaske wanda ya shafe mu 'yan makaranta. A 1968 wani malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, R. Vance Hall, da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan waɗansu yaran firamare masu yawan wasa a aji. Ɗaya daga cikinsu, da aka yi masa awon farko, wajen kashi 25 cikin ɗari na lokacin aji kaɗai yake yi yana karatu. Sai aka ce wa malamarsa ta daina kula shi in yana shashanci, amma da zarar ya duƙufa kan littafi ta matso ta yaba masa. Karatunsa ya tashi zuwa wajen kashi 70. Da ta daina yabon ya sauka zuwa wajen kashi 50, da ta koma yi kuma ya sake haura 70. Yaro guda ne, amma hujjar ta fito sarari. Da irin wannan tsari ne masu kula da yara masu jinkirin magana ko wahalar koyo suke auna ko horon da suke bayarwa yana aiki.

Sai dai akwai abin da ba ya janyuwa. A ce wani dattijo ya sami shanyewar ɓarin jiki har magana ta ƙwace masa, ma'aikaciyar asibiti tana koya masa kalmomi. Abin da ya koya ba za a ce ya mance da shi don a yi gwaji ba. A nan sai a yi amfani da tsarin bi-da-bi. Za a ware kalmomi kashi uku, alal misali sunayen 'yan gida, da sunayen abinci, da sunayen kayan sawa, a yi awon farko a kan dukansu. Sa'an nan a fara koyar da kashi na ɗaya kaɗai, sauran biyun a ci gaba da aunawa. Bayan 'yan makonni a shiga na biyu, daga baya na uku. In kowane kashi bai motsa ba sai da aka zo kansa, to koyarwar ce ta yi aiki. In kuwa duka ukun suka tashi tare tun daga farko, to ƙwaƙwalwar ce take farfaɗowa da kanta. Kowanne aka gani, iyalinsa sun san abin da suke biya wa kuɗin mota zuwa asibiti.

In magani na haɗiya ne, ana ƙara tsaro biyu. Na ɗaya, mai haɗa magunguna na asibiti yakan shirya ƙwayar wofi, wadda ta yi kama da ta gaske a launi da girma amma ba magani a cikinta, shi kaɗai kuma ya san wacce ce wacce, likita bai sani ba, marar lafiya bai sani ba. Na biyu, ƙuri'a ce ke yanke wadda za a fara sha a kowane zagaye. In maganin mai daɗewa ne a jiki, akan bar 'yan kwanaki tsakani domin ya fita. A 1986 Dokta Gordon Guyatt da abokansa na Jami'ar McMaster a Kanada suka ba da labarin wani dattijo mai asma mai tsanani, wanda yake shan magunguna da dama, ciki har da wani mai suna tiyofilin. Da yardarsa aka riƙa ba shi na gasken kwana 10, na wofin kwana 10, yana rubuta yadda numfashinsa yake da yadda yake barci. Da aka buɗe asirin sai aka tarar kwanakin da ya fi shan wuya su ne kwanakin da yake shan na gasken. Aka tsayar da shi, mutumin ya ji daɗin jikinsa. Da ba a gwada ba, da haka zai yi ta sayen abin da ke ƙara masa wahala, shi da likitansa suna tsammanin taimako ne.

Gwajin yakan wanke magani daga zargi kuma. Akwai wani magani mai rage kitsen jini, ana ce masa sitatin, wanda ke kare mutane daga bugun zuciya, amma mutane da yawa sukan daina shansa, su ce yana sa su ciwon jiki. A 2020 likitocin Kwalejin Imperial ta Landan suka buga abin da suka gani a kan mutum 60 da suka daina sha saboda haka. An ba kowannensu kwalba 12, ɗaya ga kowane wata: 4 na ɗauke da maganin, 4 da ƙwayar wofi, 4 kuma ba kome a ciki. Kullum mutum yana ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 100 a wayarsa. A watannin da ba a shan kome matsakaicin makin 8.0 ne, a watannin ƙwayar wofi 15.4, a watannin maganin gaske 16.3. Ashe kashi 90 cikin ɗari na ciwon da suke ɗora wa maganin, ƙwayar wofi ma tana kawo shi. Ciwon gaskiya ne, suna jinsa, amma haɗiyar ƙwaya da fargabarta ne suka fi kawo shi. Da aka nuna wa kowa nasa sakamakon, rabinsu suka koma shan maganinsu. Gani ya kori ji.

Kada kuwa a ɗauka kowace cuta ake yi wa haka. Dabarar tana dacewa ne da ciwo mai daɗewa wanda ba ya saurin canjawa, da magani mai saurin kamawa da saurin saki, kuma sai in likita da kansa yana shakka, marar lafiya kuma ya yarda bayan an yi masa bayani. Zazzaɓin cizon sauro, da sanƙarau, da saran maciji, ba a yi musu a-sha-a-daina, domin kafin a gama awon farko mai yiwuwa an rasa mutum. Maganin tarin fuka in aka katse shi, ƙwayar cutar takan yi taurin kai ta daina jin magani. Mai farfaɗiya, da mai hawan jini, da mai ciwon sukari, in suka ajiye maganinsu da kansu da sunan gwaji, sun sa ransu cikin haɗari. Allurar rigakafi da aikin tiyata kuma ba a iya janye su bayan an yi. Ina roƙon iyayenmu su riƙe wannan sakin layi fiye da sauran.

Iyaka ta biyu ita ce, abin da aka gano a kan mutum ɗaya nasa ne. Dattijon nan na Kanada ya nuna tiyofilin bai karɓe shi ba, bai nuna cewa bai karɓi kowa ba. Kafin a ce wata hanya tana amfanar jama'a, sai an maimaita gwajin a kan wani, da wani, a wurare dabam-dabam, a hannun masu bincike dabam-dabam. Amma in maganar shi mai jikin ake yi, hujjar tana da nauyi ƙwarai, har masana a Jami'ar Oxford, da suka jera darajojin hujja a 2011, suka sa irin wannan gwaji a sahun farko. Babban gwaji yana nuna wa likita maganin da ya kamata ya fara da shi, ƙaramin kuma yana nuna masa ko ya karɓi wanda ke gabansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, mu da ba mu da mai shirya mana ƙwayar wofi, me za mu ɗauka a ciki? A ganina abu biyu. Na farko, kusan kowane gida yanzu akwai ɗan makaranta, littafin rubutu kuma ba tsada gare shi ba. In akwai mai doguwar jinya a gida, ɗa ko jika yana iya ja masa layi a littafi, kullum ya rubuta kwanan wata, da abin da ya sha, da sau nawa ciwon ya tashi, da ko ya sami barci. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin. Likita zai fi samun abin kamawa a shafi guda irin wannan fiye da a ce masa "da sauƙi" kawai, domin mu Hausawa ko mutum yana kan gargara, in an gaishe shi "da sauƙi" zai ce. Shi likitan ne kuma zai yanke ko a ci gaba, ko a canja, ko a gwada dakatawa.

Na biyu, duk sa'ad da wani ya ce mana ya sha ya ji sauƙi, mu yi masa murna, sa'an nan cikin ladabi mu tambaye shi abu uku: yaya ciwon ya saba tafiya kafin ka sha? Akwai wani abin da ya canja a lokacin? Da ka daina, ya dawo? In ya iya amsa waɗannan, maganarsa ta fara zama hujja game da shi kansa. In bai iya ba, kada mu kwance bakin aljihunmu tukuna, kada kuma mu bar wani namu ya ajiye maganin asibiti saboda ita. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, ni kuwa abin da na ƙaru da shi a wannan karatu shi ne gwadawar ma tana da ƙa'ida: a auna kafin a fara, a canja abu ɗaya tak, a rubuta kullum, a kuma maimaita. Ina fata waɗansu daga cikinmu da za su zama likitoci da ma'aikatan jinya nan gaba za su tuna da wannan ƙa'ida ranar da tsohuwa za ta zauna a gabansu da ƙullin magunguna a bakin zanenta, tana tambaya wanne ne yake yi mata aiki.